Jinjirin wata a dardumar bangon Turawa: na wane ne, kuma me dabbobin ke nufi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane da saƙa. A wani darasi an nuna mana hotunan wasu manyan dardumomin bango na Turai da aka saƙa shekara 500 da suka wuce: wata mace tsakanin zaki da farin doki mai ƙaho ɗaya, furanni ko'ina, ga tutoci masu jinjirin wata uku-uku. Ƙawata ta ce watan alamar Musulunci ce, wataƙila ma Musulmi ne ya sa aka saƙa. Gaskiya ne? Kuma wai kowane fure da kowace dabba akwai ɓoyayyar ma'anar da take ɗauke da ita? Me ma ya sa sarakunan can suka zuba dukiya a kan abin ratayewa a bango?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abu uku kika haɗa: na wane ne watan, ko furanni da dabbobin suna da ma'ana, da dalilin da ya sa aka kashe irin wannan dukiya. Dardumomin da kika kwatanta guda shida ne, suna gidan tarihi na Cluny a Paris, an saƙa su wajen shekarar 1500. Amsar tambayar farko a gajarce ita ce a'a, watan tambarin wani gidan alƙalai ne, Kiristoci 'yan asalin birnin Lyon. Sai dai kada ki yi wa ƙawarki dariya, domin Faransawa da kansu sun daɗe suna ba da labari irin nata, zan kuma zo kansa. Da tambayarki ta ƙarshe zan fara. A aikina na koyar da saƙa da tarihinta na lura ɗalibi kan yi saurin tsallakawa zuwa "ɓoyayyar ma'ana" tun bai san wanda ya biya kuɗin ba, balle ɗakin da aka rataye abin, alhali mafi yawan saƙon yana nan a fili.

Yadda ake saƙa ta

A fara raba saƙa da aikin allura. Aska takwas ta babbar riga, allura ce ta bi kan ƙyallen da aka riga aka saƙa. Haka shahararren ƙyallen Bayeux mai kusan mita 70, wanda ya ba da labarin cin Ingila da yaƙi a 1066: ɗinkin ulu ne a kan farin lilin, ba ya cikin dangin da muke magana a kai. Waɗannan kuwa hoton da ƙyallen tare suke fitowa daga masaƙa. Masaƙinmu yana jefa ƙoshiya ta shiga nan ta fita can gefe. Masaƙin dardumar bango ba ya yin haka. Kowane launi da kwarkwaronsa, jan zare ya je iyakar inda ja ya ƙare ya juyo, shuɗi ya karɓa daga nan, sannan a danne da matsefi har zaren tsaye ya ɓace ɓat a ciki. Inda launi biyu suka yi iyaka a miƙe sai a samu tsaga, wadda ake ɗinkewa daga baya ko a sarƙe zarurrukan tun ana saƙar.

Masaƙa iri biyu ce, ta tsaye da ta kwance. Ta kwance ta fi sauri domin ƙafa ke ɗaga zare, hannu biyu na aiki. Mai zane yakan yi babban zane daidai girman dardumar, a yanka shi, a shimfiɗa ƙarƙashin zaren, masaƙi yana leƙe ta tsakankanin zare yana bi. Ta baya yake saƙa, fuskar na kallon ƙasa, saboda haka hoton kan fito a juye, dama ta koma hagu, sai mai zane ya yi lissafin wannan tun farko. Wani abin kuma, a kaikaice ake saƙa hoton. Faɗin masaƙa shi ne tsayin darduma idan an rataye ta, tsawonta kuwa ana naɗe shi a jikin gungume, masaƙa da dama na jere kafaɗa da kafaɗa kowa da yankinsa. Ke nan mutumin da ke saƙa fuskar waccan mace a kwance yake ganinta, ta baya, kuma ɗan yanki kaɗan a lokaci guda.

Nakan sa ɗalibaina su kafa ƙusoshi a katako su saƙa ganye ɗaya tak mai faɗin tafin hannu. A nan suke gane cewa zare ba ya lanƙwasa yadda fensir ke yi, layin da ya kamata ya zagaya sai ya fito hawa-hawa. A nan kuma suke gane dabarar masaƙan ƙarni na 15, wadda ita ce ginshiƙin sana'ar: tunda ba a gauraya launi a zare yadda ake gauraya fenti, sai a shigar da siraran harsunan launi mai duhu cikin mai haske, wasu dogaye wasu gajeru. Daga nesa ido ya haɗa su ya ga inuwa da ninkin riga.

Masu binciken sana'ar sun ƙiyasta cewa masaƙi ɗaya kan saƙa kamar murabba'in mita ɗaya a wata idan aikin mai kauri ne, mai laushi kuwa bai kai haka ba. Jerin dardumomi shida, kowace mita 5 a mita 8, na iya cinye masaƙa 30 tsawon wata 8 zuwa 16. Duk da haka ba ladan masaƙi ne ke tada farashi ba, kaya ne. Idan aka sa siliki, kuɗin kan ninka na zallar ulu kamar sau huɗu. Idan aka sa zaren da aka naɗe da azurfa mai ruwan zinariya, ya kan kai ninki ashirin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: baƙon da ya shigo fada da dare, hasken kyandir na wasa a jikin zaren, ya san nauyin aljihun maigida kafin ya gane labarin da ke jikin bangon.

Masu biya da garuruwan saƙa

Za ki ji ana cewa don maganin sanyi ake rataye su. Akwai wannan, bangon dutse ne kuma ƙasar sanyi ce, amma bargo mai arha ma zai yi wannan aikin. Babban dalili shi ne sarakunan lokacin ba mazauna wuri ɗaya ba ne, daga wannan fada suke tashi zuwa waccan, da zuwa sansanin yaƙi. Zanen jikin bango ba ya tafiya. Darduma kuwa a naɗe ta a ɗora a keken doki, a isa wani ƙeƙasasshen zaure, kafin la'asar ya koma fadar mai ita. Ana ba da ita kyauta, ana jinginar da ita idan bashi ya taso, ana rataye ta a kan titi ranar biki. Sarki Henry na 8 na Ingila ya mutu a 1547 ya bar sama da 2,000.

Mafi girma da ta rage daga ƙarni na 14 tana birnin Angers. Louis na 1, basaraken Anjou kuma ƙanen sarkin Faransa Charles na 5, shi ya ba da aikinta a shekarun 1370, aka gama wajen 1382. Jean Bondol, mai zanen fadar sarki, ya zana, wani attajirin Paris mai suna Nicolas Bataille ya ɗauki kwangilar. Tsawonta na asali ya kai kamar mita 140, tsayi mita 6, yau saura kamar mita 100. Labarin Ru'ya ta Yohanna ne, littafin ƙarshe na Baibul, mai maganar tashin duniya: mahaya dawaki, yunwa, annoba, dodanni masu kai bakwai. Ki tuna waɗanda suka fara kallonta mutane ne da suka tsira daga annobar 1348, suna kuma tsakiyar Yaƙin Shekara Ɗari da Ingila, don haka ba tatsuniya suke gani ba. To amma ki ɗaga kai sama, ga mala'iku riƙe da tutocin gidan Anjou. Kuma a 1400 an kwashe ta har birnin Arles an rataye don bikin auren ɗansa da Yolande ta Aragon. Wa'azin tashin alƙiyama a wurin ɗaurin aure! Abin da aka je nunawa surukai shi ne gidan da zai iya mallakar irin wannan.

Sarakunan Burgundi ne suka fi kowa iya wannan siyasa. Bayan an murƙushe tawayen mutanen Ghent a yaƙin Roosebeke a 1382, Philip Mai Ƙarfin Hali ya sa aka saƙa masa yaƙin a Arras. A 1393, wurin zaman sulhu da Ingilawa a Leulinghem, basaraken Lancaster na ɓangaren Ingilawa ya ƙi amincewa da dardumomin yaƙi da aka rataye a wurin, ya ce ba su dace da masu neman zaman lafiya ba, sai da aka sauke aka sa na addini. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa mutanen suna karanta bango, kuma karatun ba na sirri ba ne.

Misalin da na fi so shi ne na jikan Philip Mai Ƙarfin Hali, wato Philip Nagari. A 1430 ya kafa Ƙungiyar Buzun Zinariya ta manyan jarumansa, sunan ya samo asali daga labarin Girkawa na Jason da ya je ya ɗauko buzun rago na zinariya. Sai malaman coci suka ce da sake: Jason arne ne, kuma ya ci amanar matar da ta taimake shi. Bishop Jean Germain ya kawo mafita da Gidiyon na cikin Baibul, wanda shi ma labarinsa da buzu a ciki, wanda raɓa ta jiƙa alhali ƙasa na bushe. A 1449 Philip ya ba wasu 'yan kasuwar Tournai biyu kwangilar dardumomi takwas na labarin Gidiyon a kan tsabar zinariya 8,960, aka riƙa rataye su a tarukan ƙungiyar. Buzun bai canza ba, ma'anarsa ce aka canza da gangan, aka kuma biya masaƙa su tabbatar da sabuwar.

Garuruwan sana'ar suna arewacin Faransa da ƙasar da yau ake kira Beljiyam, inda ulun Ingila ke sauka kuma marina suka yi ƙarfi. Paris da Arras suka fara shahara, sannan Tournai, sannan Brussels. Arras ta riga ta fara ja da baya lokacin da Louis na 11 ya ci ta a 1477, ya kori mutanenta a 1479. A Brussels, yarjejeniyar 1476 ta bar wa masaƙa damar zana ganyaye da itatuwa da dabbobi da kansu, amma zanen mutane sai 'yan ƙungiyar masu zane. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani a kan furanni. Ki kuma riƙe cewa manyan 'yan kasuwa irin su Pasquier Grenier na Tournai suna ajiye zane su yi ta maimaita shi. Jerinsa na Yaƙin Troy an ba Charles Mai Taurin Kai na Burgundi ɗaya a 1472, Henry na 7 na Ingila ya sayi wani a 1488. Ba kowace darduma ce aka tsara don zuciyar mutum ɗaya ba, da yawa hajar kasuwa ce, a saƙa tambarin mai saye a kusurwa.

To, watan fa?

Dardumomin nan shida sun yi shekaru a fadar Boussac, a lardin Creuse na tsakiyar Faransa, danshi da ɓeraye na cin gindinsu. Prosper Mérimée, sufeton kayan tarihi, ya gan su a 1841 ya ja hankalin gwamnati, gidan tarihi na Cluny ya saye su a 1882. Mutanen yankin kuwa suna da nasu bayani. Sultan Muhammad Al-Fatih, wanda ya ci Kustantiniya, ya rasu a 1481, 'ya'yansa biyu Bayazid na 2 da Jem suka yi rigimar gado. Jem ya sha kaye, ya gudu tsibirin Rhodes a 1482 wurin jaruman Kirista da ke riƙe da shi. Su kuwa suka mai da shi jari: Bayazid na biyan su kuɗi duk shekara don kada su sake shi. Suka kai shi Faransa, suka tsare shi a garin Bourganeuf, a wannan lardi na Creuse, inda har yau hasumiyar da aka gina dominsa take, ana ce mata Hasumiyar Zizim, sunan da Faransawa ke kiransa da shi. Daga baya aka miƙa shi ga Fafaroma a 1489, ya rasu a Italiya a 1495. To ga yariman Turkiyya a lardin, ga dardumomi masu jinjirin wata, ga kyakkyawar mace. Sai labari ya haɗu cewa shi ya sa aka saƙa don wata da yake so. Marubutan ƙarni na 19 suka ɗauka suka yaɗa.

Jem mutum ne na gaske, zamansa a can ma gaskiya ne, amma dardumomin ba nasa ba ne. Tambarin, jan fili da shuɗin ɗamara a karkace mai farin jinjirin wata uku, na zuri'ar Le Viste ne. Kuma dardumomin ba a Creuse aka fara rataye su ba, gado da auratayya suka kai su Boussac daga baya. Jinjirin wata abu ne da ya cika tambarin gidajen Turai a lokacin. René na Anjou, wanda ya bar wa cocin Angers waccan babbar darduma a 1480, shi da kansa ya kafa ƙungiyar jarumai mai alamar jinjirin wata a 1448. Tutar Turkiyya mai wata da tauraro kuwa ba ta zama ta hukuma ba sai 1844. Idonmu na yau ne ke ganin wata ya tuna masallaci.

Wanne Le Viste ne, a nan masana suka rabu, domin ba a samu takardar kwangilar ba. An daɗe ana cewa Jean na 4 ne, shugaban wata kotun haraji a Paris, wanda ya mutu a 1500. Wasu masu bincike na baya-bayan nan sun karkata ga ɗan'uwansa Antoine na 2, wanda ya mutu a 1534, hujjarsu ita ce ɗora shuɗi a kan ja ya saɓa ƙa'idar tambari, irin saɓanin da reshen ƙanne ke yi don ya bambanta da babban gida. Ko wanne ne, abin lura shi ne su ba jinin tsohuwar sarauta ba ne, aikin shari'a da hidimar sarki suka ɗaga su. Sai ki sake duba hotunan ki ga sau nawa tambarin ya fito: a tuta, a garkuwa, a mayafin da zaki da dokin suka yafa, har sandunan tutar an yi musu ado da wata. A ganina wannan nacin shi ne saƙo na farko na dukan jerin. Gidan da ya daɗe a sarauta ba ya buƙatar faɗin sunansa haka.

Idan sawun duniyar Musulmi kike nema, yana nan, amma ba a tutar ba. A dardumar da matar ke kiɗa, teburin an lulluɓe shi da shimfiɗa irin ta Gabas, hajar alfarma da 'yan kasuwar Italiya ke shigo da ita. Alif ɗin da marina ke kama launi da shi, mafi yawansa daga Phocaea ta gabar Turkiyya yake zuwa, da Turkawa suka karɓe garin a 1455 sai da Turai ta shiga damuwa, har aka gano wani a Tolfa kusa da birnin Rum wajen 1462. Bayan yaƙin Nicopolis na 1396, da Sultan Bayazid na 1 ya kama John, ɗan Philip Mai Ƙarfin Hali, cikin kayan da aka aika masa don neman sakin fursunan akwai dardumomin Arras masu labarin Iskandar na Masidoniya. Sannan akwai na Pastrana a Sifen, guda huɗu, masu nuna yadda Afonso na 5 na Fotugal ya ci Asila da Tanja a Maroko a 1471. A can kam za ki ga Musulmi a kan ganuwa, amma yadda masaƙin arewa da bai taɓa ganin Maroko ba ya ƙaddara su, garuruwan ma sun fi kama da na ƙasarsa.

Dokin, birin da furannin

Ma'ana akwai ta, sai dai dabba ɗaya ba ta da fassara ɗaya. Littattafan dabbobi na zamanin sun ce doki mai ƙaho ɗaya ba ya kamuwa da ƙarfi, sai dai ya ga budurwa ya zo ya kwantar da kai a cinyarta. Malaman coci suka fassara wannan da Annabi Isa (AS) da Nana Maryam bisa aƙidarsu. Mawaƙan soyayya suka ce a'a, saurayi ne da so ya kama. An kuma yarda ƙahonsa na kashe dafi, har sarakuna na sayen "ƙahon" da tsada, alhali haƙorin wata dabbar tekun arewa ce. Duk fassarorin nan suna yawo a lokaci ɗaya, a kan mutum ɗaya ma.

Ki duba ɗaya shahararren jerin, Farautar Doki Mai Ƙaho Ɗaya, guda bakwai da aka saƙa tsakanin 1495 da 1505, waɗanda ke gidan tarihi na Cloisters a New York. A ɗaya dokin na tsoma ƙaho a ruwa don dabbobi su sha, a wata an soke shi an kawo gawarsa fada, a ta ƙarshe ga shi da rai cikin shinge, ɗaure a gindin bishiyar rumman. Mai karatun addini zai ce mutuwa ce da tashi. Amma jajayen ɗigon da ke jikinsa ruwan rumman ne ke zubowa daga sama, rumman kuwa da yawan 'ya'yansa alamar aure ce da haihuwa, sai mai karatun soyayya ya ce ango ne da ya shiga hannu yana murna. Ni ban ga dalilin tilasta zaɓar ɗaya ba. Akwai ma masanan da ke shakkar cewa bakwai ɗin jeri ɗaya ne tun asali, kuma haruffan A da E da aka saƙa ko'ina a jikinsu har yau ba a daddale na wane ne ba.

A naki shida, an fi samun daidaito. Tun 1921 da masanin Ingila A. F. Kendrick ya kawo bayanin, an yarda biyar suna wakiltar gaɓoɓin ji ne. A ta ɗanɗano tana ɗaukar alewa daga kwano, ɗan aku a hannunta. A ta sauraro tana kaɗa abin kiɗa mai bututu, baiwarta na zuga masa iska. A ta gani dokin ya ɗora ƙafafu a cinyarta yana kallon kansa a madubi. A ta shaƙa tana kitsa kambin furanni. A ta taɓawa hannu ɗaya na riƙe da tuta, ɗaya na kan ƙahon. Birin shi ne ɗan fallasa: inda take ɗanɗano yana kai abu baki, inda take kitsa furanni ya saci ɗaya yana shinshina. Abin da take yi da natsuwa, shi yana yi da kwaɗayi. Wannan ma'ana ce da za ki iya kare ta, domin hoton da kansa ya maimaita ta.

Ta shida ce mai gardama. Matar na tsaye a bakin shuɗin tanti, zaki da dokin sun ɗage labulensa, a sama an rubuta "À mon seul désir", wato bisa muradina kaɗai. Wuyanta babu sarƙa, sarƙar na hannunta a bakin akwatin da baiwa ta miƙo. Ajiyewa take yi ko ɗauka? Masu cewa ajiyewa sun ce ta juya wa jin daɗin gaɓoɓi baya ne da zaɓin kanta, suna kafa hujja da wa'azin Jean Gerson, shugaban Jami'ar Paris da ya mutu a 1429, wanda ya yi maganar zuciya a matsayin gaɓa ta shida mai mulkin sauran biyar. Masu cewa ɗauka sun ce kyautar aure ce, tantin kuma na ango. Na fi karkata ga na farko saboda yadda ta tattaro sarƙar cikin ƙyalle, irin riƙon mai adanawa. Amma ni mai saƙa ne, ba malamin tauhidin Kirista ba, kuma saƙa ba ta nuna inda hannu ya nufa.

Furanni kuwa, a nan nake jan birki. Gaskiya ne an saƙa su da lura sosai: a jerin Farauta an ƙirga tsiro iri 101, masana tsirrai sun gane sama da 80. Gaskiya ne kuma wasu na da ma'ana sananniya, farin lili na tsarki, jan wardi na so ko na jinin shahada. To amma a fili ɗaya za ki ga furen bazara da na kaka sun buɗe tare, bishiyar lemo na ɗauke da fure da 'ya'ya. Kuma salon nan na "dubun furanni" ya cika kasuwa a ƙarshen ƙarni na 15, ana yin sa har a bayan tambari zalla, kamar wadda Jean de Haze ya saƙa wa Philip Nagari a Brussels a 1466, wadda sojojin Suwizalan suka kwashe ganima a Grandson a 1476, tana birnin Bern yanzu. Ga kuma waccan yarjejeniya da ta bar wa masaƙa ganye da zomaye. Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce: furen da ke hannun mutum, ko wanda aka kafa a tsakiya kamar rumman ɗin can, ki tambaye shi ma'ana. Wanda ke cikin ɗaruruwan da suka cika fili, aikinsa tare da 'yan'uwansa yake, su nuna lambun da ba ya bushewa.

Abin da ido ke gani yau

Kafin ki rubuta komai a kan ma'anar launi, ki san cewa launin ya gudu. Rini uku ne ginshiƙi: ja daga saiwar wani tsiro, rawaya daga wata ciyawa, shuɗi daga wani ganye wanda sinadarinsa ɗaya ne da na baban marinar Ƙofar Mata. Kore kuwa sai an tsoma a shuɗi an sake tsomawa a rawaya. Rawaya ce mai saurin mutuwa a haske, shi ya sa za ki ga itatuwa da ciyawa sun koma shuɗaye a tsofaffin dardumomi. Na sha karanta aikin ɗalibi da ya gina shafi guda a kan "shuɗin ganye alamar sama", alhali rana ce ta cinye rawayar. Da aka cire shafin bayan ta Angers don gyara, sai ga kore da ruwan lemo rangaɗau, kuma saƙar ta yi tsabtar da baya da gaba kusan ɗaya ne. Ki nemi hotunan bayan nan ki jera da na gaba.

Sannan abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma ba lallai mafi kyau ba. Masu zaren zinariya su aka fi hallakawa: a 1797 gwamnatin Faransa ta ƙone da yawa daga na gidan sarauta don ta tace ƙarfen. Na Gidiyon sun ɓace. Ta Angers an yayyanka ta bayan juyin juya halin Faransa, aka rufe itatuwan lemo da ita saboda sanyi, aka shimfiɗa wa dawaki, sai daga 1848 wani limamin coci mai suna Joubert ya bi ya tattaro guntayen. Na Farauta an ce manoma sun rufe dankali da su. Naki shida ba su da zaren zinariya, ulu ne da siliki, wataƙila shi ya cece su daga wuta. Idan kin samu hoto mai kyau, ki duba gindinsu: za ki ga wani sashe da jansa ya kwanta daban da na sama. Wannan gyaran ƙarshen ƙarni na 19 ne da aka yi da rinin kanti, ya kuma riga na asali koɗewa, don haka duk furen da ke wannan sashe kada ki sa shi cikin lissafinki na shekarar 1500.